Rumbun Mai Turi da Maganar Fihirisa

Mai karatu ya yi mini afuwa, a wannan mako zan jingine maganar kuɗin makaranta da muka faro, domin wani abu da na gani a garinmu Getso cikin hutun ƙaramar Sallah ya tsaya mini a rai, kuma na san halina, muddin ban fitar da shi a wannan fili ba, ba zai bar ni in yi tunanin komai ba.

Ɗan yayata ne zai zauna jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a bana. Tun shekarar 2015 aka daina rubuta wannan jarrabawa da fensir da takarda, sai a gaban kwamfuta, kuma yaron da ya tashi a ƙauyukan Gwarzo ko Kabo sau da yawa ranar jarrabawar ce rana ta farko ko ta biyu da hannunsa zai taɓa linzamin kwamfuta. Wannan ya sa yara suka raja'a a kan manhajojin gwaji, irin waɗanda ake sa wa waya, su jero maka tambayoyin shekarun baya, su kunna maka agogo, in ka gama su ba ka maki. Uwar yaron ta kwance 'yan kuɗinta na ƙuli-ƙuli ta ba shi, ya tafi wurin mai turi. Ga wanda bai san su ba, in ma akwai shi, masu turi su ne matasan nan da ke zama a rumfa ko ɗan shago da kwamfuta da tarin igiyoyin caji, suna tura wa jama'a finafinai da waƙoƙi da karatun malamai da manhajoji, a waya ko a memori, a kan kuɗin da bai kai na sayen data ba.

Daren Sallah ya kawo mini wayar yana murmushi. "Kawu, duba ka gani, Turanci yanzu ba na sauka ƙasa da saba'in." Na karɓa na duba, sai na ga tambayoyin adabi duk a kan Sweet Sixteen suke, littafin Bolaji Abdullahi. To, hukumar takan sanya ƙagaggen labari guda ɗaya da kowane ɗalibi zai amsa tambayoyi a kansa, kuma takan sauya shi bayan 'yan shekaru. Sweet Sixteen an yi da shi a 2019 da 2020, The Life Changer ya gaje shi, daga 2025 kuma aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Wato dai yaron nan ya shafe wata biyu cur yana haddace amsoshin littafin da aka sauke tun yana ƙaramar sakandare, littafin da ko bangonsa bai taɓa gani ba. Sabon littafin kuwa, wanda aka ba shi a wurin rajista, yana ƙarƙashin katifa, ko buɗe shi bai yi ba, domin a ganinsa abin da waya ta tambaya shi ne zai fito. Ban yi masa faɗa a daren nan ba. Na dai ce da safe zai raka ni wurin wanda ya tura masa.

Ban tafi da niyyar rigima ba, kuma da na je ma babu wanda zan yi rigimar da shi. Matashi ne mai ladabi, ya tashi ya ba ni bencinsa, ya durƙusa ya gaishe ni, domin ya san gidanmu na san nasu. Da na yi masa bayani sai ya riƙe baki. "Wallahi Malam, da na rubuta JAMB shi ne ya fara fitowa, shi na tura masa." Na ce ya sake rubutawa in gani. Abubuwa biyar suka fito, sunayensu kusan iri ɗaya, wani an ƙara masa lamba 2, wani an ƙara masa "sabo", babu wanda ke ɗauke da shekara, babu mai bayanin kansa. Muka ɗora su a waya ɗaya bayan ɗaya. Uku tsofaffi ne, ɗaya ya ƙi buɗuwa, na biyar kuwa ana taɓa shi tallace-tallace suka yi ta faɗowa, sai da muka cire shi wayar ta sami lafiya. Na bana yana cikin faifan, amma sai da muka ci sa'a biyu kafin mu same shi, domin babu kalmar JAMB a sunansa ko kaɗan. Wasu haruffa ne guda huɗu da lambobi, yana kwance cikin wata jaka mai suna "Sababbi na gaske", wadda ke cikin "Sababbi 2", ita kuma tana cikin wata da aka rubuta wa "Kada a goge".

Faifan nan terabayit biyu ne, ɗan abu da bai fi tafin hannu ba. Yayan matashin ne ya kwafo shi daga wurin ubangidansa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ubangidan ma daga wani ya kwafa, kowa ya zuba nasa a kai ya miƙa gaba. Yayan shi ne ya san lungu da saƙon faifan, in ka ce masa kaza, kafin ka rufe baki ya buɗo maka. Bara ya tafi Abuja neman kuɗi, ya bar wa ƙanin nasa kwamfuta da faifai da ƙaramin janareta. Abin da ke cikin kansa kuwa da shi ya tafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin sa'o'in nan biyu shi ne abubuwan da muka riƙa tuntuɓe da su muna neman wani abu daban. Na ga GeoGebra, manhajar da malaman lissafi a duniya ke zana siffofi da jadawali da ita. Na ga LibreOffice, wadda ke aikin buga rubutu da lissafin shago kyauta, ba tare da an saci lasisin kowa ba. Na ga ƙamusun Turanci mai aiki ba data, da Alƙur'ani ruwayar Warshu irin wadda aka karantar da mu a allo, da wata manhaja ta lissafin rabon gado. Har Kiwix na gani, wadda ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba, ga kuma kwafin Wikipedia ta Hausa a gefenta. Na tambaye shi ko an taɓa zuwa neman ɗaya daga cikin waɗannan. Ya ce, "Ai Malam, ni ma yau na san suna ciki." A garin nan akwai malamin lissafin da har yanzu da zare da alli yake zana da'ira a allo, yana da babbar waya a aljihu, kuma kullum sai ya wuce ta ƙofar shagon nan. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Kukan da muka saba yi shi ne na rashi: babu wuta, babu data, babu kayan aiki. Kuka ne na gaskiya, ni ma ina cikin masu yin sa a wannan fili. Sai dai akwai wani talauci na biyu da ba mu cika ambata ba, wato abu yana nan a hannunka amma babu hanyar isa gare shi. Maganinsa kuwa tsohon abu ne da malamanmu suka sani da sunan fihirisa, wato jerin abin da ke cikin littafi ko ɗakin karatu, an kasa shi babi-babi, kowane abu da ɗan bayaninsa da wurin da za a same shi.

Na san wani ɗalibina zai ce, ai Malam an wuce wannan zamani, kowace kwamfuta tana da gurbin bincike, ka rubuta abin da kake so ta fito maka da shi. Labarin ɗan yayata ya isa amsa. Gurbin bincike yana yi wa wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema hidima, kuma sai in sunan da ya sani shi ne aka raɗa wa abin. Wanda bai san akwai GeoGebra a duniya ba, me zai rubuta? Mai nema iri biyu ne: akwai wanda aka aiko da suna, akwai kuma wanda ya zo da buƙata kawai, bai san sunan maganinta ba. Na biyun nan ya fi yawa a cikinmu, shi ne kuma fihirisa ke riƙe wa hannu. Ku dubi kasuwar garinmu ranar da take ci. Ba a zuba kaya yadda aka ga dama ba. 'Yan hatsi suna gefe guda, 'yan goro suna nasu layin, 'yan tukwane da 'yan gishiri kowa da wurinsa, kara kuma tana can waje da dabbobinta. Baƙon da bai san kowa ba yana iya shiga ya bi layi-layi, ya sami abin da ya kawo shi, ya kuma ga abin da bai san yana buƙata ba. Magabatanmu da suka tsara kasuwa haka ba su karanta ilimin ɗakin karatu ba, amma sun gane cewa mai saye yana buƙatar ya zaga ya gani. Faifan mai turi kasuwa ce da aka zube gishiri da goro da awaki a rumfa ɗaya, aka rufe da tabarma, aka ce wanda ya san suna ya kira.

A shekarar 377 ta Hijira, daidai da 987 Miladiyya, wani mutumin Bagadaza mai suna Muhammad bin Ishaƙ, wanda aka fi sani da Ibnun Nadim, ya tsara littafinsa Al-Fihrist. Sana'arsa kwafar littattafai da sayar da su, wato mai turi ne na zamaninsa, in mai karatu zai yafe mini wannan kwatance. Ya zauna ya jera littattafan da ya sani an rubuta da Larabci ko an fassara zuwa Larabci, ya kasa su gida goma, tun daga rubuce-rubucen al'ummu da littattafan da aka saukar, zuwa nahawu da tarihi da waƙa da fiƙihu da falsafa, har tatsuniyoyi da alkimiyya. Ga kowane marubuci yakan kawo ɗan tarihinsa da sunayen littattafansa, wani lokaci ya faɗi yawan warƙoƙin littafi, wani lokaci ya ce ya gan shi da idonsa da rubutun hannun wane. Da yawa daga cikin littattafan nan sun salwanta, wasu tun kafin Mongol su ci Bagadaza a 1258, wasu a bayan haka. Da ba domin jerin wannan ɗan kasuwa ba, da ko sunayensu ba mu ji ba. Manyan malaman zamaninsa sun fi shi ilimi nesa ba kusa ba, amma yau duk mai son sanin abin da suka rubuta sai ya biyo ta shagonsa.

Mu ma nan ba baƙin wannan fanni ba ne. Kakana malamin zaure ne, littattafansa warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, kowane a cikin gafakarsa. Marubutanmu na dā sun san warƙa tana iya zamewa, shi ya sa a ƙasan kowane shafi sukan rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, domin ko iska ta watsa littafi a iya mayar da shi yadda yake. Alƙur'ani kuwa an yi masa alamun izu da nusufi da rubu'i da sumuni a gefe, alarammomi kuma suna da ilimin harji, inda suke ƙididdige sau nawa kalma kaza ta zo da kuma wuraren da ta zo. Duk wannan tsari ne na cikin littafi guda. Tsarin da ke tsakanin littafi da littafi, wato me da me ke cikin adakar nan, wa ya wallafa, daga wurin wa aka kwafo, wannan a kan kakana yake, kamar yadda na faifai yake a kan yayan mai turi. Da Allah ya yi masa rasuwa ina firamare, aka raba littattafan gado ɗauri-ɗauri, rabin wani littafi ya tafi wannan gida, rabinsa ya tafi wancan, gara ta ci nata rabon, damina ta ci nata. Har yau in aka tambaye ni abin da muka yi asara ba ni da amsa, domin babu takarda ko ɗaya da ta ce ga abin da ke akwai.

Ku kwatanta wannan da littattafan Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962. Tarin nasa, wanda ya haura guda 3,000, yana Jami'ar Northwestern a Amurka. Muna iya jin zafin tafiyarsu, ni ma ina ji. Amma an zauna an yi musu fihirisa ɗaya bayan ɗaya, ta yadda mai nazari daga ko'ina zai san abin da malamin Kano na wancan zamani yake karantawa. Haka John Hunwick ya fitar da juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa a 1995, inda ya jera marubutan wannan yanki namu da ayyukansu da wuraren da kwafinsu yake. A fagen boko kuma, duk ɗalibin Hausa ya san bashin da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya yake bin mu saboda Hausa a Rubuce na 1988, domin a nan muke komawa mu ga abin da Hukumar Talifi da NORLA suka buga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ke da daɗin yi. Zama ne na shekaru cikin ƙura.

Turawan da suka ƙirƙiro kwamfuta ma sun faɗa ramin da mai turinmu ya faɗa. Daga 1983 an yi wani babban rumbun manhajoji mai suna SIMTEL20, wanda a lokacin yake kan wata kwamfutar sojojin Amurka a White Sands cikin jihar New Mexico, masu kwamfuta suka riƙa ɗebo manhajoji kyauta daga cikinsa. A wancan zamani, a kan kwamfutocin da aka fi amfani da su, sunan manhaja ba ya wuce haruffa takwas, sai uku na wutsiya, saboda haka sunayen ba su gaya wa kowa komai. Abin da ya ɗaga darajar wannan rumbu shi ne aikin wani mutum, Keith Petersen, wanda ya shekara da shekaru yana kasa manhajojin fanni-fanni, yana rubuta wa kowace layi ɗaya tak na bayani, tare da girmanta da ranar da ta shigo. A 1990 kuma wani ɗan Barbados mai suna Alan Emtage, yana Jami'ar McGill a Kanada, ya ƙirƙiro Archie, wanda ake ɗauka shi ne injin bincike na farko a intanet. Archie yakan zaga rumbuna ya tattaro sunayen abin da ke cikinsu, in ka ba shi suna ya gaya maka inda abin yake. Ya yi amfani ƙwarai, amma ciwonsa shi ne ciwon gurbin binciken mai turi, sai ka zo da suna. Shi ya sa da zamani ya ci gaba masu kula da rumbuna suka riƙa ɗora musu shafukan fihirisa a ƙofa, mutum ya shiga ta fanni, ya karanta bayani, ya zaɓa. Yahoo ma a 1994 jeri ne da ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford suka fara tsarawa da hannu.

Play Store da ke wayar mai karatu a yau jikan waɗannan ne. In ka duba, fihirisa ce babba: ga fanni, ga sunan wanda ya yi manhajar, ga bayaninta, ga girmanta, ga ranar da aka sabunta ta. To, a ranar da aka ciro manhaja daga can aka fara yawo da ita ta Xender daga waya zuwa waya, daga faifai zuwa faifai, duk wannan bayani a baya ake barin sa. Daidai yake da a yage bangon littafi da shafinsa na farko sannan a miƙa maka. Abin da ya iso Getso ke nan, dubban littattafai marasa bango.

Akwai waɗanda suka hango wannan tun da wuri, kuma a Arewacin nan suka hango shi. Wani Ba'amurke mai suna Cliff Missen ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ɗanɗana wahalar rashin intanet, da ya koma Jami'ar Iowa sai shi da abokan aikinsa suka fara abin da suka kira eGranary, sunan da suka aro daga rumbun hatsi irin namu. Faifai ne ake cikawa da littattafai da mujallu da manhajoji, da izinin masu su, a kai makarantar da ba ta da intanet. Ta fuskar ƙarfe da waya, babu wani bambanci tsakaninsa da faifan mai turi. Bambancin shi ne ba su sake shi haka nan ba, sai da suka ɗora masa fihirisa da hanyar bincike.

Me nake so a rubuta? Ba abu ne mai wuya ba, kuma ba sai da kwamfuta ba, littafin rubutu mai warƙa tamanin ya isa a fara. A sa sunan manhaja, a faɗi aikinta da Hausa a layi ɗaya, yadda tela ko mai kemis ko malamin Islamiyya zai gane ko ta shafe shi. A sa shekararta, wanda da an yi haka da ɗan yayata bai yi asarar wata biyu ba. A faɗi girmanta da irin wayar da za ta ɗauke ta, domin yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu ƙananan Itel ne da Tecno masu ƙaramin ciki, kuma a faɗi ko tana aiki ba data. Sai abu na ƙarshe, wanda na fi ba muhimmanci: daga ina ta fito? Mu da aka rene mu a kan cewa ba a karɓar hadisi sai da isnadi, abin mamaki ne yadda muke karɓar manhaja daga hannun wanda bai san wanda ya ba wanda ya ba shi ba, mu zuba ta a wayar da ke ɗauke da asusunmu na banki. Manhajar da aka farke aka sake ɗinkewa ana iya cusa mata abin da zai riƙa karanta saƙonnin waya, har da lambobin sirri da banki ke turowa. Masu amfani da GBWhatsApp da 'yan uwanta sun sha ganin an rufe musu layi, domin kamfanin WhatsApp bai yarda da su ba. In fihirisa ta ce wannan daga Play Store aka sauke ta ran kaza, wannan kuwa ba a san asalinta ba, an bar wa mai waya zaɓi da idonsa a buɗe.

Da na kawo wa matashin wannan shawara bai karɓe ta hannu bibbiyu ba, kuma dalilansa ba na wasa ba ne. Ya ce, "Malam, in na manna komai a bango, na kusa da ni zai zo ya karanta ya san abin da nake da shi. Sannan kuma, ka san akwai abin da ba a rubutawa." Na farkon na ce masa mai kanti ma yana jera kayansa a kanta maƙwabcinsa na gani, bai hana shi ciniki ba, kuma kayan da shi kansa bai san yana da su ba, ba su taɓa kawo masa ko sisi ba. Na biyun ne mai nauyi. Fihirisa tana tona asiri. Ranar da aka jera abin da ke cikin faifan, ranar za a ga finafinan Kannywood nawa ne ke ciki ba da izinin masu su ba, abin da furodusoshi suka daɗe suna kuka a kai, a ga manhajoji nawa ne aka fasa wa makulli, a kuma ga jakar nan da ba a buɗewa sai dattijo ya tashi daga benci. Har tsohuwar manhajar JAMB ɗin ma, dalilin da ya sa ta fi yawo shi ne an fasa ta, kyauta take buɗewa, ta bana kuwa sai an biya masu ita kuɗin buɗewa. Ban ga laifin fihirisa a nan ba. Abin da mutum ke jin kunyar rubutawa a jeri ya manna a bango, ya kamata ya tambayi kansa dalilin da ya sa yake tura wa 'ya'yan mutane shi. Na dai san ba a rana ɗaya za a warware wannan ba, tunda abinci ne a ciki.

Kada kuma wani ya ce a bar su, sana'ar ta kusa mutuwa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Muddin tura abu a shago ya fi sauke shi araha, mai turi yana nan, kuma a garuruwa irin namu shi ne ɗakin karatun da ya fi kowane yawan masu shiga.

Laifi tudu ne. Ina cikin yi wa yaron nan huɗuba sai na tuna da ɗakin ajiya na sashenmu a jami'a, inda kundayen digiri na shekara da shekaru ke jibge har rufi, kuma jerinsu na ƙarshe da na gani ya tsaya ne a inda wani ma'aikaci ya yi ritaya. Shekara biyu da suka wuce na ba wata ɗaliba batun bincike, ta yi nisa, sannan muka gano an yi shi a sashen tun kafin a ɗauke ni aiki. A kwamfutata kuwa akwai "gyara na ƙarshe", akwai "na ƙarshe 2", akwai "wannan ne na ƙarshe". Dalilin a bayyane yake. In malami ya wallafa maƙala mai shafi goma, ko babu wanda ya karanta, za a lissafa masa ita ranar ƙarin girma, in kuwa ya ɓata shekara yana jera abin da wasu suka rubuta, sai a ce aikin akawu ya yi. Tun 1968 ake koyar da ilimin ɗakin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ana koyar da shi a Jami'ar Bayero, kuma kowace shekara muna tura ɗaliban wannan fanni da na kwamfuta aikin sanin makamar aiki a ofisoshin da ba a ba su ko kujera ba. Da za a haɗa ɗalibi ɗaya na ɗakin karatu da ɗaya na kwamfuta a ba su faifan mai turi guda na wata uku, su jera shi da Hausa, su ware mai asali da marar asali, da sun koyi abin da aji bai koya musu ba. Kuma tunda faifan kwafarsa ake yi daga hannu zuwa hannu, fihirisar ma za ta bi shi duk inda ya je. Na sa wannan a takardar da zan gabatar a taron sashenmu na gaba, ko da yake na san yadda irin waɗannan takardu ke ƙarewa.

Kafin in baro Getso na sayi littafin rubutu a shagon da ke kusa, muka ja layuka da biro, muka zauna ni da matashin da ɗan yayata daga bayan la'asar har aka kira magariba. Manhaja arba'in da ɗaya muka iya rubutawa, cikin dubban da ke faifan. Finafinai ko taɓa su ba mu yi ba. Ya kwafe shafin farko a kan kwali ya rataye a ƙofa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya kira ni, ya ce wani malamin Islamiyya ya tsaya ya karanta kwalin, ya sa an tura masa ta rabon gado, amma ya dawo washegari yana tambaya ko a kan mazhabar Malikiyya aka gina lissafinta, shi kuma bai san amsa ba. Ni ma ban sani ba, domin ba mu duba ba. Na ce ya ƙara layi ɗaya a littafin, ya bar gurbin a buɗe har in zo mu gwada ta da mas'alolin da aka san amsarsu.

Ɗan yayata kuwa na biya masa kuɗin buɗe ta bana. An zaro The Lekki Headmaster daga ƙarƙashin katifa, uwarsa ta ce ya kai babi na huɗu, jarrabawar kuma saura kwana goma sha ɗaya.